Yayana ya rasu a Amurka da bashin katin banki, wa zai biya?

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, unguwar Zango. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya daɗe yana aiki a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Allah ya yi masa rasuwa wata biyu da suka wuce, a can aka yi masa sutura. Ya bar mata da yara biyu, namiji da mace, suna can, sai mahaifiyarmu a nan. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa.

Yanzu matarsa ta kira tana kuka, wai kamfanoni sun dame ta da waya da wasiƙu, suna bin marigayi bashin kati uku, dalar Amurka 18,000, wajen miliyan 10 na sefa. Wani cikinsu ya ce mata nauyin yana kanta tunda ita ce matarsa. Tana so ta biya da gudummawar da ƴan Nijar na can suka haɗa mata. Hajiya da ta ji ta daina cin abinci. Ta ce da kuɗinsa ta je hajji, da kuɗinsa aka yi mata aikin ido, don haka ita ce sanadi, za ta sayar da garkarta ta Miriya ta biya. Baffanmu kuma ya ce bankin nasara ne, kuɗin ruwa ne, babu wani haƙƙi, a raba filin da marigayi ya fara gini a hanyar Tanut a manta da zancen. Ni kowa idonsa yana kaina, albashina kuwa ka san na malami. Malam, ni ne zan biya? Ko yayana zai zauna a rataye?

Ƙanin marigayi, Damagaram

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan yayanka, ya yi masa rahama, ya raya abin da ya bari, ya ba Hajiya haƙuri.

Ba kai ake bi ba. Ba Hajiya ake bi ba. Matarsa ma, in dai ba ta sa hannu a takardar bashin tare da shi ba, ba ita ake bi ba, balle yaran. Dokar Amurka da shari'ar Musulunci sun saɓa a abubuwa da yawa, amma a nan bakinsu ɗaya: bashin mamaci yana kan dukiyar da ya bari. In dukiyar ta isa a biya, in ba ta isa ba a biya iya inda ta kai, babu mai rai da za a tilasta wa ya sa hannu a aljihunsa. Sai dai maganar tana da wani gefe wanda Baffa ba zai ji daɗinsa ba, domin filin hanyar Tanut yana cikin abin da marigayi ya bari.

Kafin mu kai can, ka fahimtar da mutanen gida irin katin da ake magana a kai, don na san da yawa za su ɗauka irin namu ne na cire albashi. Namu, kuɗinka ne da ke ajiye kake cirewa. Wancan kuwa banki ne ke ba ka iyaka, ka yi ta saye da kuɗinsa, ƙarshen wata ya aiko maka lissafi. In ka biya duka, shi ke nan. In ka biya ɗan ƙaramin abin da aka ce dole ka bayar, ragowar sai ta hau yin ruwa, kuma a 2023 da 2024 ruwan irin waɗannan katunan a Amurka ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Ke nan wannan 18,000 ba lalle duka yayanka ya kashe ta ba, wani kaso ruwa ne da tarar jinkiri suka taru. A can kuma zaman mutum ya ɗauru da wannan kati, domin da tarihin biyansa ake duba ko za a ba ka hayar gida ko bashin mota. Kada ka bari a zauna a zaure ana yi wa marigayi kallon almubazzari. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Wadda ta fi kowa shiga hatsari yanzu ita ce matarsa, don haka da ita zan fara.

Ka ce mata ta nemo takardun katunan ukun ta duba abu guda: shin asusun na haɗin gwiwa ne, wato ita da shi suka nemi bashin suka sa hannu tare, ko kuwa shi kaɗai ya buɗe, ya sa aka yi mata kati da sunanta don ta riƙa cefane? In na farko ne, bashin wannan katin nata ne kamar yadda yake nasa. In na biyu ne, ba a bin ta ko sisi, ko da ita ce ta fi shi amfani da katin yana raye. Amma ta ajiye shi daga yau, domin abin da aka saya da shi bayan rasuwa ana iya ɗora mata, har ya ja mata magana. Akwai jihohi tara a Amurka, irin su Teksas da Kalifoniya da Arizona, inda doka ke ɗaukar dukiyar da aka samu da bashin da aka ci cikin aure a matsayin na miji da mata tare. Karolina ta Arewa ba ta cikinsu. Abin da za ta lura da shi a jiharsu kuɗin asibiti ne, domin a can kotu tana iya ɗora wa mace kuɗin jinyar mijinta. In akwai irin wannan takarda ta ware ta daban ta nuna wa lauya. Akwai ofishin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta a jihar, kuma masallacinsu ba zai rasa wanda ya taɓa bin wannan hanya ba.

Masu kiran nan, dokar tarayya ta 1977 wadda ta tsara aikin kamfanonin karɓar bashi ta ba su damar yin magana da matar mamaci, don haka kiran kansa ba laifi ba ne. Abin da ta hana su shi ne su yaudare ta, su sa ta ɗauka dole ta biya daga kuɗinta alhali ba haka ba ne. Ta hana su kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Ta wajabta musu aiko takarda mai sunan wanda ke bin bashin da adadinsa, kuma tana da kwana 30 ta rubuta musu cewa ba ta yarda ba, su kawo shaida. In ta rubuta musu su daina tuntuɓarta, dole su daina. In suka ƙi, akwai hukumar kare masu mu'amala da bankuna, CFPB, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet. Ba a ɗaure mace a kan bashin katin mijinta, mai karɓar bashi kuma ba shi da iko a kan takardun zamanta a ƙasar. Na faɗi wannan don shi ne tsoron da ke sa mutanenmu a waje su miƙa abin da ba a bin su. Wani lokaci kuma ba da tsoratarwa suke zuwa ba, da laushin murya suke zuwa, a yi maka ta'aziyya, a ce ai marigayi mutumin kirki ne ba zai so ya bar bashi ba, ko ɗan kaɗan ne a fara da shi. Kada ta yi alƙawari a waya, kada ta ba da lambar asusunta, kada ta biya ko dalar Amurka 20 daga nata. Amsarta guda ce: ku aiko a rubuce, za a duba ta hanyar kotun gado.

Kai kuma a nan, in wani ya kira lambarka ko ta Hajiya ya ce daga bankin Amurka yake, a tura kuɗi ta kamfanin aika kuɗi, kashe wayar. Doka ba ta ba su damar tattauna bashin da ƙanin mamaci ba in ba shi ne mai kula da gadon ba, iyakarsu su tambayi wa ke kula da shi. Sanarwar rasuwa kuwa ta zaga WhatsApp da suna da hoto da lambobin waya, ƴan damfara ma suna karantawa.

Hanyar da doka ta shimfiɗa ba ta da wuyar ganewa. Za ta je wurin magatakardan kotun gundumarsu da takardar shaidar rasuwa, a naɗa ta ko wani amintacce mai kula da gadon. A Karolina ta Arewa mai kula da gado yana sa sanarwa a jarida sau ɗaya a mako har mako huɗu, ya kuma aika wa waɗanda ya san suna bin mamaci bashi wasiƙa. Ana ba su wa'adin da bai gaza wata uku ba su kawo buƙatarsu, wanda ya bari ya wuce ya rasa damar ƙara. Wajen biya kuma bashin kati a wutsiya yake, bayan kuɗin gudanar da gadon, da bashin da ke da jingina kamar na mota, da kuɗin jana'iza, da haraji. Haka kuma, dokar jihar ta ware wa matar mamaci abin riƙon shekara har dalar Amurka 60,000 daga cikin kuɗi da kayan da ya bari, wanda masu bashin kati ba su da ikon taɓawa, amma sai ta nema. Sannan wata doka ta 2009 ta ce da zarar mai kula da gado ya nemi a faɗa masa jimillar bashin kati, banki ya daina ƙara tara, kuma in aka biya cikin kwana 30 da sanar da adadin, ba a ƙara ruwa a kai.

Abu guda ne zai iya mayar da bashin nan kanta: ta raba dukiyar kafin wa'adin masu bashi ya cika. Mai kula da gado da ya yi haka ana iya bin sa shi da kansa. Don haka ku a nan kada kowa ya ce ta turo wani abu daga asusun marigayi, ko da sunan sadaka ne, ko da na Hajiya ne. Takaba kuma ba ta hana ta wannan zirga-zirga ba. Wata huɗu da kwana goma za ta yi a gidanta, amma malamanmu na Malikiyya sun halatta mata fita da rana don buƙata, ta dawo ta kwana a ɗakinta. In a nan aka ɗaura aurensu, aikinka ne ka nemo takardar auren ka aika mata, domin za a tambaye ta.

Maganar Hajiya ce ta fi taɓa ni cikin wasiƙarka. Uwa ce ta rasa ɗa, tana neman abin da za ta yi masa da hannunta, sai ga wannan bashi ya zo mata. Kada ka yi mata gardamar doka, ba ita take ji ba. Abin da ke cin ta hadisin nan ne da ta sha ji a wa'azi, cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Hadisin yana nan, Tirmizi ya ruwaito shi, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Amma akwai wani a Buhari da ya kamata ta ji tare da shi: wanda ya karɓi dukiyar mutane yana nufin ya biya, Allah zai biya masa, wanda ya karɓa yana nufin ya halaka ta, Allah zai halaka shi. Malamai da yawa da wannan suka fassara wancan, suka ce tsananin yana kan wanda ya yi sakaci ko ya bar abin biya aka ƙi biya masa. Takardun wata-wata na katunan za su nuna ko yayanka yana biya har ajali ya riske shi. In haka ne, a karanta mata, ta ji da kunnenta cewa ɗanta bai gudu daga bashinsa ba.

Kuɗin hajji da na aikin ido kyauta ce ɗa ya yi wa uwarsa yana da rai da lafiya, ta karɓa, ta zama tata. Ba ita ta ci bashi ba, ba ta san ma da shi ba, hajjinta yana nan, lada kuma yana wurinsa. Wannan maganar ba daga bakinka za ta fi shiga ba. Ka nemi limamin da take girmamawa, ko wata malama da take zuwa karatu wurinta, su zo gida su faɗa mata.

Ba zan ce haramun ne ta sayar da garkar ba. Tata ce, kuma biya wa mamaci bashi daga aljihun wani alheri ne babba. Abu Ƙatada ya yi haka lokacin da aka kawo wata gawa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji akwai bashin ƴan dinarai a kanta ya ce su yi wa ɗan'uwansu salla. Abu Ƙatada ya ce bashin yana kaina, sannan aka yi sallar. Amma shi ya ɗauka da kansa, yana da hali, ba a ɗora masa ba. Hajiya ta rasa wanda ke aiko mata, garkar nan ita ce abincinta daga yanzu. Wanda ya sayar da ƙasa cikin kuka kuma ba ya samun kuɗinta. In ta sayar, wani kason kuɗin ruwa zai tafi, wataƙila ma a hannun kamfanin da ya sayi bashin daga banki da araha. Shawarata ita ce kada ta sayar, ku tsaya a kan haka da ladabi, kai da duk wanda take jin maganarsa.

Akwai abin da zan faɗa maka kai kaɗai, ba don kunnen Hajiya ba. Da yawa cikin ƴan'uwanmu da ke waje wayar gida ce ke jefa su cikin irin wannan bashi. Ga biki, ga suna, ga rago, ga wane zai buɗe shago, kowa yana lissafi da sefa yana ganin dalar Amurka 200 ba komai ba ce, shi kuma yana jin kunyar ya ce babu, sai ya goga kati. In cikin dangi akwai waɗanda suka ci moriyarsa haka kuma yau suna da hali, su ne ya dace su fara miƙa hannu, ba tsohuwa ba.

Baffa yana da rabin gaskiya, ka ba shi ita kafin ka ja da sauran. Gaskiya ne ruwa riba ne, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 279, ya ce mai bin bashi uwar kuɗinsa ce tasa, kada ya yi zalunci kada a zalunce shi. Gaskiya ne kuma babu wanda zai taso daga Amurka ya zo hanyar Tanut ya kafa alama a filin. Ƙasa tana bin dokar inda take, kotun Karolina ba ta da iko da ita, kuma da wuya kamfanin kati ya biyo irin wannan adadi har kotun Nijar. Na kuma yarda cewa marayun yake tausayi. Amma uwar kuɗin, abin da yayanka ya saya ya ci, ya sa, ya aiko, haƙƙin masu ita ce ko wane ne su. Manzon Allah ya bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, ba a taɓa cewa addinin mai bin bashi yana soke bashi ba. A ayoyin gado na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, sau huɗu aka maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Risala da Baffa ya sani tun yana yaro ta jera su: likkafani, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Filin da aka raba kafin a san bashin da ke kansa, ba a san na wa aka raba ba.

Kuma wa zai raba wa wa? Tunda marigayi ya bar ɗa namiji, kai ba ka da gado, Baffa ma ba shi da shi. Magada huɗu ne. In aka kasa abin da ya rage bayan bashi kashi 72, matarsa tana da 9, Hajiya 12, yaron 34, yarinyar 17. Ka ga kashi 51 na marayu ne. Wannan ya sa ku biyun masu tsaro ne kawai, kuma tsaron yana da fuska biyu. Ba za ku ciyar da yaran da abin da ke da haƙƙin wani a ciki ba, ba kuma za ku kwashe rabonsu ku biya ruwan da za a iya kauce masa ba. Haka kuɗin sadakar uku da bakwai da arba'in, wanda ya yi daga aljihunsa Allah ya ba shi lada, amma ba a cire shi daga rabon maraya.

Abin yi shi ne lissafi, a kan takarda. A gefe guda a rubuta duk abin da ya mallaka ranar da ya rasu: kuɗin asusunsa, motarsa bayan an cire bashin da ke kanta, filin, har bulo da ƙarfen da ke jibge a wurin. Gudummawar ƴan Nijar ba ta ciki, domin bai taɓa mallakarta ba, an bayar ne don matar da yaran, kada ko dala ta tafi wurin kamfani. Albashin matar da zinarinta da abin da ta saya da guminta ba su ciki. In akwai ragowar sadaki da bai cika mata ba, ita ma mai bin bashi ce. Kuɗin inshorar rai ko na fansho da ya rubuta sunanta a kai, a dokar can kai tsaye suke zuwa hannunta ba su bi ta kan masu bashi ba. A shari'a malaman zamani sun saɓa ko gado ne ko ba gado ba, wannan sai a kai wa malamin gado da takardar a hannu. Abin riƙon shekarar nan kuwa, ra'ayina ta nema ta karɓa, domin shi zai riƙe wa yaran rufin ɗaki ya kuma ba ta ƙarfin yin ciniki da kamfanonin, amma a rubuta shi cikin lissafin, tunda daga dukiyar marigayi ya fito. In lauya ko kotu suka tambaye ta ko yana da wani abu a gida, ta faɗi gaskiya.

A ɗaya gefen a rubuta bashi, a ware uwar kuɗi daga ruwa da tara gwargwadon abin da takardun suka nuna. Daga nan mai kula da gado ya nemi ragi. Ba abin kunya ba ne. Jabir ɗan Abdullahi, da mahaifinsa ya yi shahada a Uhudu ya bar masa bashi da ƙanne mata, ya nemi masu bashin su rage, har Annabi ya sa baki. Kamfanonin kati sun san su ne a ƙarshen layi, don haka sau da yawa sukan karɓi wani kaso su rufe asusun. Duk abin da aka daidaita a kai su rubuto shi kafin a biya, da cewa wannan ya rufe bashin gaba ɗaya. In suka karɓi kaso suka yafe saura, ko suka ga babu abin ɗauka suka rubuto cewa sun rufe, mai haƙƙi ne ya sauke haƙƙinsa, wuyan yayanka ya fita. Wannan takarda ita za ka kai wa Hajiya, a fassara mata. Amma in shiru kawai suka yi har wa'adi ya wuce, ƙara ce ta mutu a kotu, a fiƙihu kuwa daɗewa ba ta kashe haƙƙi. A sake rubuta musu a nemi amsa, kada a ce an tsira da dabara.

Bashin da na fi jin tsoro a manta da shi ba na Amurka ba ne. Mutumin da ya fara gini daga nesa da wuya a ce babu magini da ke bin sa ragowar kuɗin aiki, ko mai siminti a Kasuwar Dole da ya ba da kaya a kan amana, ko abokin da ya ranta masa, ko adashen da ya kwasa bai gama zubi ba. Waɗannan ba su da lauya, ba su aiko wasiƙa, da yawansu kunya za ta hana su zuwa gidan makoki da maganar kuɗi. Tunda a can aka yi jana'iza, wataƙila ba a yi sanarwar da muka saba yi a bakin kabari ba. A yi ta a masallacin unguwa ranar Juma'a, a ce duk mai bin marigayi ko wanda marigayi ke bi ya same ka, kai kuma ka bi waɗanda ka sani da ƙafarka. In dukiyar ba ta isa kowa ba, shari'a ta ce masu bashin da ba su da jingina su raba gwargwadon abin da kowa ke bi, ba a fifita mai yawan kira. Wanda kuma yake so ya yi wa marigayi alheri da kuɗinsa, da magini ya fara.

Ba lalle a kai ga sayar da filin ba. In ragin ya yi kyau, abin da ke asusunsa da kuɗin motar suna iya rufewa. In da saura, wani mai hali cikin dangi yana iya ranta wa gadon ba ruwa, ko a haɗa hannu. A mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta a biya wa mamaci bashi da zakka in ba a ɓarna ya ci shi ba, don haka attajirin da ke neman inda zai kai zakkarsa ana iya yi masa magana. In duk wannan bai isa ba, sai a sayar da filin ko wani yanki nasa, amma ba a ɗaki tsakanin dangi ba. A Nijar gado yana bin al'ada, ga Musulmi kuwa fiƙihu ne, ana yin taron dangi a rubuta abin da aka yanke da sunan mai kula da gado da mai riƙon marayu, a kai kotu ta tabbatar. Ku bi wannan hanya, a sa matar cikin taron ta waya don uwar magada biyu ce kuma magajiya, a samo mutum biyu da suka san farashin ƙasa a wannan yanki su yi masa kuɗi, kada ɗan'uwa ya saye shi da rahusa da sunan taimako.

Kai abin da ke kanka bai wuce tsayuwa da rubutu ba. Kada ka ci bashi a kan albashinka don wannan, kana da naka iyalin. Je wurin Baffa kai kaɗai, ba gaban mutane ba, ka ce masa ba ka ƙi maganarsa ba, haƙurin ƴan watanni kake roƙo har wa'adin kotun can ya cika a san adadin gaskiya, kuma kana so shi ya jagoranci taron dangin. Kafin nan a dakatar da ginin, kada a ɗauki ko bulo ɗaya daga wurin. Takardar filin ta zauna wurin Hajiya, ka yi kofe biyu, ɗaya wurinka, ɗaya ka tura wa matar yayanka.